Lemun da Baba Ya Kawo daga Agwada

Mahaifina mutum ne da in ya ce a'a, to sai dai ka nemi wuri ka zauna ka huta. Ni ma ba baya ba ce wajen taurin kai, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ya sa da Mama ta rasu a ƙarshen wata damina, na ce masa ya tattara ya dawo wurinmu Keffi, shi kuma ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai bar Agwada ba, sai dangi suka koma gefe suka zuba ido su ga wanda zai fara gajiya a cikinmu.

Ba don son rigima na matsa ba. Baba ya tsufa, ƙafarsa ta dama tana kumbura, ga hawan jini, kuma ko ruwan zafi bai taɓa dafa wa kansa ba. Tun kafin a haife ni Mama ce ke ajiye masa kwano a gabansa. Ƙannena duk sun watse neman abinci, wani Legas wani Jos. Wata Asabar na je duba shi, na tarar da tuwon da maƙwabta suka kawo masa tun jiya yana nan a rufe, ya yi tsami. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na san in na bar shi shi kaɗai a gidan nan, ba zai ga wata daminar ba.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na turo masa fasto, duk a banza. Sai ranar da na daina magana ne ya tashi ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan madafa. Akwai wani ɗan dashen lemu da Mama ta raina a wurin, tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. Ya haƙo shi da ƙasarsa, ya naɗe saiwar da buhu, ya ce, "Malama, mu tafi."

Malama yake ce mini tun ranar da na fara koyar da kimiyyar halittu a sakandare, kuma a bakinsa rabin girmamawa ne rabin tsokana.

A mota ya shimfiɗa mini sharuɗɗansa. Ya ce mutanenmu na da, in za su sake mazauni, ba sa tambayar kowa sai ƙasa. Sukan dasa itace, in ƙasar ta karɓe shi to za ta karɓi mutum, in ta ƙi sai a kama gaba. Ya ce zai dasa lemun nan a gidana ya jira zuwa Ista. In yana da rai, ya zauna. In ya mutu, in mayar da shi Agwada ba tare da wata magana ba.

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Baba."

Ya ce, "Ban gama ba. Ruwan rijiyar gidan kaɗai zai sha. Ba na saye, ba na roƙo. Ba a ba ƙasa cin hanci."

Na yi dariya na ce na yarda. Lokacin rijiyarmu cike take, in ka leƙa har fuskarka za ka gani.

Bari in faɗi yadda gidan yake, don shi ma yana da hannu a maganar. Mun saye filin ne a bayan gari jim kaɗan bayan an ba mu jiha, a hannun wani Alhaji ɗan asalin cikin gari. Gonar mahaifinsa ce ya yanka, shi ma ya gina nasa gidan jikin namu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da muka tare, dawa ce ke kewaye da mu, da safe har kukan makwarwa muke ji. Maigidana kuwa ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, kullum yana kan hanya, ya fita da asuba ya dawo a gajiye. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, amma yana da ciwo ɗaya: duk abin da ya gani a gidajen manyan ofishinsu sai ya so ya gan shi a namu. Da haka ya kawo magina suka daɓe tsakar gidanmu da siminti daga ƙofa har bango, ko tafin hannu ba su bari na ƙasa ba. Ranar da aka gama ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Yanzu ne muka shiga gari." Duk Asabar da kansa yake share daɓen nan, yana yi yana fito.

To, ka ga ranar da na iso da Baba da lemunsa na ce sai an fasa wuri. Maigida ya dube ni, ya dubi surukinsa. Ya kira magini aka zana da'ira da alli, faɗinta bai fi bakin daro ba, aka sare. Ana sara yana runtse ido.

Baba ya leƙa ramin ya ce, "Ɗana, a nan za a binne cibiya ne ko itace za a dasa?"

Maigida ya ce, "Baba, ai saiwa ƙasa take yi, ba gefe ba."

Baba ya kwance buhun. Ya dasa, ya danna ƙasar da dugadugansa, ya ja guga ɗaya ya zuba.

Har Kirsimeti lafiya lau. Lemu ya miƙe, har ya yi sabon toho jaja-jaja. Baba ya ajiye kujerarsa a gefensa, da safe ya ba shi ruwa, da yamma ya ba shi. Abinci dai har yanzu sai ya ɗan taɓa ya ture kwanon, amma na ce a raina sannu ba ta hana zuwa. Har na fara yi wa ƙannena waya ina cika baki cewa na ci wasan.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne unguwarmu ta riga ta canza muna zaune. A shekarun nan ne ake ta rusau a Abuja, jama'a suka yo ta kan hanyarmu kamar an buɗe dam, waɗanda ba su sami wuri a Mararaba da Masaka ba suka zarce Keffi. Ga ɗaliban jami'a kuma ana ta gina musu ɗakunan haya. Inda dawa take duk ya koma bulo da kwano. Kuma duk wanda ya gina sai ya kira masu injin haƙa su huda masa bohol. Ruwan sama kuwa in ya sauka a tsakar gida irin namu, ba ya samun inda zai nitse, sai ya bi kwata ya fita titi. Kowace shekara rijiyarmu tana ɗan ja da baya, ni ban kula ba, tun da ban taɓa sa ran mahaifina a kanta ba.

Ana shiga watan biyu igiya ta ƙi kaiwa, muka ƙara mata tsawo. Bayan ɗan lokaci guga ya fara dawowa rabi. Daga nan sai ya zama in ka ja da sassafe ka sami abin da zai cika kwanon sha, rabinsa laka, shi ke nan sai kuma gobe. Mu mutanen gida muka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa masu turo kura. Lemu kuwa sai abin da rijiya ta bayar.

Zafin bazara a Keffi ba sai an ba ka labari ba. Amma zafin bazara a kan daɓen siminti wani abu ne daban. Da tsakar rana ko kaza ba ta iya ratsa tsakar gidanmu sai da gudu, tana ɗaga ƙafa. Lemun nan yana tsaye a tsakiya, rana ta dake shi daga sama, siminti ya gasa shi daga ƙasa.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da Baba ya sunkuya yana kallon ganyen. Duk sun nannaɗe, gefe da gefe sun haɗu.

Ya ce, "Malama, kin gani? Ya naɗe tabarmarsa. Baƙo in ya naɗe tabarma ai sallama ta rage."

Na ce a raina ina, wannan fagena ne, ba za a kayar da ni a nan ba. Na ajiye jaka na jawo kujera.

Na ce, "Baba, ba tafiya zai yi ba. Bakinsa ya rufe."

Ya ce, "Itace yana da baki?"

Na ce, "Ba ɗaya ba ma. Kowane ganye, a bayansa, akwai 'yan ƙananan bakuna da ido ba ya gani."

Ya ce, "Abin da ido ba ya gani, in ba Allah ba, ban yarda da shi ba."

Na tashi na tafasa ruwa na zuba a kofin gilashi, na tsinko ganye ɗaya daga gwaibar Alhaji da ta leƙo ta katanga, na tsoma. Nan da nan 'yan ƙananan kumfa suka fito suka jeru a bayan ganyen, samansa kuwa kusan babu. Baba ya sa tabarau, ya juya kofin nan, ya sake juyawa.

Ya ce, "Ikon Allah! To me suke yi da bakin, tun da ba sa gulma?"

Sai na yi masa darasin da nake yi wa 'yan aji, amma da Hausar gida. Na ce itace ba ya cin ƙasa kamar yadda mutane ke zato, da kansa yake girka abincinsa, kuma ganye shi ne madafarsa. Saiwa ta kawo ruwa, bakunan nan su shigo da iska, irin wadda mu muke fitarwa in mun yi numfashi, hasken rana kuma shi ne wutar. Koren nan na ganye shi ke kama hasken. Da waɗannan yake haɗa sukarin da zai yi sabon reshe da fure da 'ya'ya. Na ce a littafi sunan aikin fotosintesis.

Baba ya ce sunan ya fi dacewa da maganin tari.

Na ce matsalar ita ce duk lokacin da bakunan suka buɗe don iska ta shiga, ruwa yana fita ta nan ya bi iska. In akwai ruwa a ƙasa ba komai, saiwa za ta mayar. In babu, sai ganye ya rufe bakunan ya nannaɗe don ya tsare ɗan abin da ya rage. To da ya rufe, iska ba ta shiga, girki ya tsaya. Ga wuta tana ci, ga tukunya babu komai a ciki. Shi ya sa in abin ya daɗe koren yake ƙonewa, ganye ya koma rawaya. Itacen sai ya koma cin abin da ya ajiye a jikinsa, in ya ga ba zai iya riƙe ganyen ba ya zubar da su.

Baba ya jujjuya maganar. Can ya ce, "Wato in ya buɗe baki ƙishirwa ta kashe shi, in ya rufe yunwa ta kashe shi."

Na ce, "Haka ne. Shi ya sa nake roƙonka ka bari in zuba masa ko jarka ɗaya."

Ya ce, "Ta 'yan garuwa?"

Na ce, "Ruwa ai ruwa ne, Baba!"

Ya ce, "Ba ki ji sharaɗi ba ne a mota, ko kin ji kin manta?"

Haba! Ranar raina ya ɓaci. Na ce masa lemu bai san daga wace rijiya ruwa ya fito ba, ya ce shi ai ya sani. Na ce mutanenmu na da ba su zauna a garin da ake zuƙe ruwa da inji ba, ya ce shi ya sa suka fi mu tsawon rai. Na shige ɗaki na bugo ƙofa, har yara suka fito suna tambaya ko wani abu ne ya faɗi.

Alhaji duk yana jinmu ta katanga, don a unguwarmu ba a faɗa a ɓoye. Da ma sun shaƙu da Baba, kullum da yamma suna zaune a ƙofar gida suna gardamar wane ne ya fi iya noman doya tsakanin mutanen Agwada da na Garaku, alhali Alhaji atamfa yake sayarwa, bai taɓa riƙe fartanya ba. Washegari ya shigo ya ce, "Dattijo, bohol ɗina ai a gonar mahaifina yake, gidan nan ma gonar mahaifina ce. Ƙasa ɗaya ce. Bari in jawo tiyo ta katanga."

Baba ya ce, "Alhaji, ruwan da aka jawo da ƙarfin inji ba kyautar ƙasa ba ce, ƙwace ne."

Alhaji ya shafa gemu ya tafi. Da azahar sai ga shi da butarsa da ɗan kujerarsa. Ya yi sallama, ya zauna a gindin lemun, ya naɗe hannun riga ya fara alwala, ruwan yana zuba daidai cikin ramin.

Baba ya ce, "Alhaji, mene ne haka?"

Alhaji ya ce, "Alwala nake yi. Ko za ka hana ni?"

Duk taurin kan Baba bai iya hana mutum shirin gaida Ubangijinsa ba. Daga ranar Alhaji ya mai da gindin lemun nan wurin alwalarsa ta rana. Na lura butar ma ta canza, ya samo wata babba. Amma ruwan alwala nawa yake? Kafin ya kai ga saiwa zafin siminti ya sha rabinsa.

Baba shi ma bai zauna ba. Ya rufe gindin da busasshiyar ciyawa, ya kafa sanduna ya yi masa 'yar rumfa da tsohon zanen Mama don rana ta rage dukansa. Da sassafe shi ke jan guga da kansa, da kumburarriyar ƙafarsa, ya tace lakar da tsumma ya zuba a hankali. A nan na gane ba so yake lemun ya mutu ba. Abin ya fi ba ni haushi ma, ga mutum yana son abu amma ya ɗaure hannun kansa.

Ganye suka fara rawaya daga ƙasa. Da safe sukan ɗan buɗe, sai in kira Baba da murna in ce ga shi yana girki kafin rana ta yi zafi. Daga baya ko da safen ma suka daina buɗewa. Sai suka fara zuba, kana tsaye za ka ji ƙas, ɗaya ya faɗo kan siminti. Baba yakan tsince su ya sa a aljihu. Shi ma ya ƙara rage cin abinci, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Wata Asabar muna karyawa na sauke fushina a kan maigida. Na ce masa daɓensa ne ke dafa lemun nan, shi ya hana ruwan damina shiga ƙasa, shi ya matse saiwa a rami kamar bakin daro, kuma in Baba ya koma Agwada ya mutu shi kaɗai, to ya zauna da simintinsa ya yi masa hira. Na san na yi tsanani, amma lokacin ba na ganin gabana.

Ya ajiye kofin shayi ya fita. Ina zaton shara ya tafi yi, sai na ji dum! dum! Na leƙa, sai ga maigidana da singileti, ya aro diga a wurin masu ginin maƙwabta, yana sarar daɓen nan da ya fi ƙauna a duniya bayan ni da yara. Mutumin da aikinsa biro da fayil! Kafin hantsi tafin hannunsa ya yi bororo. Na ce ya bari a kira lebura, ya ce shi ya sa aka zuba, shi zai cire.

Alhaji ya leƙo ta katanga ya ce, "Ranka ya daɗe, yau Abuja ake rusawa a Keffi?"

Maigida ya ce, "Rusau ai ba ya wuce kan kowa, Alhaji."

Baba yana zaune a kujerarsa yana kallo, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Da aka buɗe wuri mai faɗin tabarma biyu, ƙasar ta fito fara fat, busasshiya, da zafi kamar an sauke ta daga wuta. Baba ya tashi ya ɗebo ruwa daga randar ɗakinsa, ya kama hannun surukinsa ya wanke masa bororon. Ya ce, "Sannu, ɗana." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Sai dai an makara. Kafin makon Ista ganye ko ɗaya bai rage ba, lemu ya zama tsinke tsaye da ƙayoyinsa. Na riƙa faɗa wa kaina cewa itace yakan zubar da ganye ya jira ruwa, kuma gaskiya ne, yakan yi. Ana cikin haka hadari ya haɗo aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, yara suka fita suna tsalle a ciki. Sabon wurin da maigida ya buɗe ya sha ya ƙoshi. Kullum da safe sai in je in duba ko zan ga ɗan toho. Babu.

Ranar Ista muka dawo daga coci, na dafa shinkafa da kaza, ban iya ci ba. Na ga Baba ya wanke kayansa tun jajibiri ya ninke. Washegari da safe ya kira ni.

"Malama, zo mu tambaye shi."

Maigida ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Alhaji ma, ban san wanda ya gaya masa ba, sai ga kansa a saman katanga.

Duk manomi ya san yadda ake yi, ni ma ina koya wa ɗalibai. Ka kankare ɓawon da farce, in ka ga kore da danshi a ƙarƙashi, da rai. In ka ga launin ƙasa-ƙasa a bushe, an gama. Baba ya kankare reshen sama, a bushe. Ya sauko tsakiya, a bushe. Ya durƙusa da ƙyar, ya riƙe kafaɗata, ya kankare can gindi dab da ƙasa. Ina durƙushe kusa da shi, na gani da idona. Busasshe ne ƙayau, ko alamar kore babu.

Hawaye suka cika mini ido. Na fara tunanin wa zan roƙa a Agwada ya riƙa kai masa abinci yana tsayawa har ya ci.

Baba ya daɗe yana kallon wurin. Ya ɗaga kai ya dubi fasasshen daɓen, ya dubi hannun maigida da har yanzu ke ɗaure da tsumma, ya dubi Alhaji. Sai ya ɗora babban yatsansa a kan inda ya kankare ya rufe shi.

Ya ce, "Da sauransa."

Na dube shi. Ya dube ni, ko ƙiftawa bai yi ba.

Ya ce, "Ko littafinki ya ce wani abu, Malama?"

Na ce, "A'a, Baba. Littafi bai ce komai ba."

Ya ce, "To a ba shi wata daminar mu gani." Ya ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shafe wurin.

Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi! Ni da ma tun daga nan na hango koren." Daga saman katanga fa, mutumin da ba ya iya karanta lambar waya sai ya miƙa wa jikansa.

Ranar kasuwar Garaku Baba ya ce maigida ya kai shi. Na ce me za a sayo in aika, ya ce ba a aiken malamar makaranta zaɓen irin doya. Suka dawo da irin doya guda, ya yi ta juya shi yana yaba idonsa. Ya ɗauki fartanyarsa ya tara ƙasa a wurin da aka fasa, ya yi tudu dab da gindin lemun, ya binne, ya ɗora ciyawa a kai. Ba wanda ya tambaye shi dalili.

Damina ta zauna sosai. Doya ta tsiro ta miƙo yaɗo tana neman abin kamawa, kuma ba wani abu kusa sai lemun Mama. Ta naɗe gindin, ta hau, ta bi kowane reshe. Kafin tsakiyar damina ba ka ganin tsinke ko ƙaya, sai ganye kore shar, masu faɗi, suna sheƙi. Matan cocinmu da suka zo gaishe shi suka ce, "Kai, Baba, wannan wane irin itace ne?" Ya ce musu lemu ne, irin na Agwada. Suka dubi juna, suka dube ni, na ce su shigo ciki su sha ruwa.

Baba ya zauna da mu shekaru masu dama bayan haka, kuma duk shekara sai ya binne doya a wurin. Ba wanda ya taɓa shan lemun itacen nan, ba kuma wanda ya taɓa cewa ya mutu. Amma abin da na fi tunawa wata safiya ce a waccan daminar ta farko. An kwana ana ruwa, rana ta fito, ina sauri zan tafi makaranta, sai ya kira ni daga kujerarsa.

"Malama, zo ki duba mini. Bakunan nan sun buɗe?"

Na ajiye jaka, na kama ganye ɗaya na juya bayansa na ƙura masa ido, kamar ana ganinsu.

Na ce, "Sun buɗe, Baba. Girki ake yi."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ni ma a kawo mini nawa. Kuma a ƙara miya, jiya ba ta ishe ni ba."